Gidan Ƙungiyar Golf na St Andrews: Gini da Tarihinsa

A garin St Andrews, bakin teku a gabashin Sikotland, akwai wani gini na dutse wanda ma'abota ƙwallon lambu, watau golf, suke ɗauka tamkar fadarsu. Wanda ya gan shi zai zaci a lokaci guda aka tsara shi, alhali kuwa sannu a hankali ya girma, gwargwadon yadda ikon masu shi ya yi ta ƙaruwa.

An kafa ƙungiyar a 1754 da mutum 22, kuma ta daɗe ba ta da muhallin kanta. A masaukan gari ake taro, a ci abinci bayan wasa. A 1834 Sarki William na IV ya zama uban ƙungiyar, ta sami sunan Royal and Ancient. Daraja ta samu ke nan, saura gida. Aka aza harsashi a 1853, aka buɗe ginin a 1854.

George Rae, wanda ya zana shi, ya bi salon nan mai koyi da gine-ginen Girkawa da Rumawa, inda ake fifita daidaiton sassa a kan yawan ado. Ginin farko ba shi da bene, kuma tare da wata ƙungiya, Union Club, ake amfani da shi, har suka haɗe a 1877. Daga baya aka ɗora benaye. Amma a ganina ƙarin da ya fi ma'ana shi ne ƙatuwar tagar babban zaure, wadda ta turo waje tana fuskantar wurin bugun farko. Duk mai fara wasa, a gaban idon dattawan ƙungiya yake farawa. A 1897 kuwa ƙungiyar ta kafa kwamitin dokokin wasan, wanda hukuncinsa ya game ƙasashe da yawa, sai a 2004 aka miƙa wannan aiki ga wata hukuma dabam.

Abin lura, filin da tagar ke kallo ba mallakar ƙungiyar ba ne. Na jama'a ne, wata hukumar amintattu ke kula da shi, galibi ma ba a wasa ranar Lahadi, sai mutanen gari su shiga shan iska. Ƙofar gidan ce ba ta buɗuwa ga kowa: sai a 2014 aka jefa ƙuri'ar karɓar mata cikin ƙungiyar.