Farautar akwatin kacici-kacici: Wasan da ake fara shi a ɗaki, a ƙarasa a fili

A ranar 3 ga Mayun 2000, wani Ba'amurke mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a dajin da ke kusa da Beavercreek a jihar Oregon. Ya zuba littafin sa hannu da fensir da wasu tarkace, har da gwangwanin wake, sannan ya wallafa lambobin wurin a intanet ya ce mai iyawa ya nemo.

Kwana ɗaya kafin nan gwamnatin Bill Clinton ta daina dagula siginar GPS da fararen hula ke amfani da ita. Na'urar da a da kan yi kuskuren kusan mita 100 ta koma kai mutum dab da inda yake nema. Daga wannan bokiti aka samu wasan Geocaching, wato farautar ɓoyayyen akwati da taimakon GPS. Shafin Geocaching.com da Jeremy Irish ya buɗe a Satumbar 2000 da akwatuna 75 yanzu yana ɗauke da sama da miliyan uku a ƙasashe fiye da 190.

A tsarin da aka fi sani, mutum zai bi lambobin da waya ta nuna masa, ya gano akwatin, ya sa hannu a littafin ciki, ya mayar da shi yadda ya tarar. Amma akwai wani nau'i da sababbin shiga kan kauce masa, wanda taswira ke nunawa da shuɗiyar alamar tambaya. Shi ne akwatin kacici-kacici.

Lambobin da ba na gaskiya ba

A mafi yawan akwatunan wannan nau'i, lambobin da aka rubuta a saman shafi na bogi ne. Wanda ya bi su zai iya tsintar kansa a bakin tafki ko tsakiyar shataletale, babu komai a wurin. Ainihin lambobin suna ɓoye cikin wata wasa ƙwaƙwalwa da mai akwatin ya shirya, kuma sai an warware ta kafin a ɗauki takalmi.

Dokokin shafin sun taimaki mai nema ta hanya biyu. Ta farko, ana bukatar ainihin wurin ya kasance bai wuce mil biyu ba, wato kilomita 3.2, daga lambobin bogi. Ta biyu, dole a iya warware kacici-kacicin da bayanin da ke shafin da kuma abin da kowa zai iya bincikowa, ba sai an roƙi mai akwatin amsa ba. Akwai masu tantancewa na sa-kai da ke duba kowane akwati kafin a wallafa shi.

Dokar mil biyu ita ce mabuɗin farko. Ana rubuta lambobin wuri da digiri da minti da ɗigo uku bayan minti. Birnin Kano, alal misali, yana wajen N 12° 00 da E 008° 31. Minti ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 1.85 ne, don haka cikin kilomita 3.2 mintin ba zai motsa da fiye da biyu ba. Ke nan tun kafin mutum ya fara, ya riga ya san farkon amsar. Abin da ya rage galibi lambobi shida ne na ƙarshe, ko goma idan an haɗa da mintoci.

Ƙirga kafin karatu

Wannan ya sa gogaggun 'yan wasan ke fara ƙirga abin da ke shafin kafin su shiga fassara shi. Hotuna shida, layuka goma, ko kalmomi 15, duk alama ce, domin cikakkun lambobin wuri guda 15 ne: bakwai na arewa ko kudu, takwas na gabas ko yamma.

A ɗauka shafi ya jera sunayen sinadarai shida: kabon, oksijin, haidirojin, naitirojin, hiliyom da litiyom. Ɗalibin kimiyya zai tuna cewa lambobinsu a jadawalin sinadarai su ne 6, 8, 1, 7, 2 da 3. Sai a raba su gida biyu, 681 na arewa, 723 na gabas, an gama.

Wata dabara da ta yawaita ita ce mayar da harafi lamba, A ta zama 1, B ta zama 2, har zuwa Z mai 26. Wanda ya san yadda malaman ajami ke rufe waƙa da ramzi, su ɓoye shekara cikin haruffa, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ana kuma amfani da lambobin Rumawa, da rubutun makafi na Braille, da saƙon Morse, da lissafin kwamfuta na sifili da ɗaya. Wasu kan rubuta amsar da farin rubutu a kan farin shafi, sai an shafa allon kamar za a kwafa sannan ta bayyana. Wasu kuma kan cusa ta cikin bayanan da ke tattare da hoto.

Yawancin shafuka suna da ɗan ƙarin haske a ƙasa, an rufe shi da tsarin ROT13, inda ake tura kowane harafi gaba da matsayi 13. Da wannan tsari kalmar "dutse" takan koma "qhgfr". Danna maɓalli ɗaya ke buɗe shi, kuma duba shi ba a ɗauke shi maguɗi ba.

Inda ya kamata a fara

Kowane akwati yana da taurari daga 1 zuwa 5 na wahalar warwarewa, da wasu daga 1 zuwa 5 na wahalar isa wurin. Sabon shiga ya fi dacewa ya tsaya kan tauraro ɗaya zuwa biyu. Taken akwatin da bayanan waɗanda suka riga suka gano shi sukan ɗauki ishara, don haka ba a tsallake su.

Bayan an samu amsa, yawancin shafuka na da wurin gwada ta, ko na shafin kansa ko na waje irin su Certitude da GeoCheck. Gwajin yana da muhimmanci. Kuskure ɗaya a lambar ƙarshe bai kai mita biyu ba, amma kuskure ɗaya a lambar farko bayan ɗigo zai jefa mutum nisan mita 185, wataƙila cikin gidan wani ko gonarsa.

Idan abu ya cije, ana iya aika wa mai akwatin saƙo a nuna masa inda aka kai. Abin da 'yan wasan ba sa yafewa shi ne wallafa amsa a fili, domin ya kashe wa na baya daɗin wasan, ya kuma zubar da wahalar wanda ya shirya.

Lokacin da wasa ya zama tashin hankali

Mutum yana leƙa ƙarƙashin benci da waya a hannu abu ne mai jawo zargi. A Yulin 2011 an rufe tsakiyar garin Wetherby da ke Ingila na tsawon sa'o'i, bayan an ga wani yana ajiye ƙaramin akwatin roba a kan titi. Sojoji masu kwance bam suka zo suka tarwatsa shi, daga baya aka gane na wannan wasa ne, 'yan kasuwa kuma sun riga sun yi asarar ciniki.

Dokokin shafin sun hana binne akwati a ƙasa, sun nemi izinin mai wuri, sun kuma nisanta shi daga sansanonin soja da makarantu da filayen jirgin sama. Wasan ya fi ƙarfi a Amurka da Jamus, akwatunan da ke yammacin Afirka kuwa 'yan kaɗan ne. A wuraren da tsaro ke da rauni, mai sha'awa zai iya cin moriyar rabin wasan daga ɗakinsa, ya warware kacici-kacicin wani birni ya gwada amsarsa a intanet, ya adana lambobin har ranar da tafiya ta kai shi can. Amma ba a ƙirga masa akwatin sai ranar da ya buɗe shi da hannunsa ya rubuta sunansa a littafin da ke ciki.