Da Wane Mudu Za A Auna Al'ada? Darasi Daga Anka, Gummi Da Bukkuyum

A farkon shekarun 1950 wani Bajamushe masanin al'adu, Kurt Krieger, ya sauka a Anka. Ba mulki ya kawo shi ba, ba kuma wa'azi ba. Ya zauna da dattawa da masu sana'a yana tambaya yana rubutawa: ginin tukwane a ƙasar Anka, narkar da tama, wasannin yara maza, fataucin goro. A 1959 ya fitar da littafin tarihin Zamfara a birnin Balin, wanda har yau masu bincike ke komawa gare shi. Me ya sa Bature zai ɗauki maginin tukwane a matsayin malaminsa? Amsar tana cikin wata gardama da aka daɗe ana tafkawa tsakanin masana a Turai da Amurka.

Lokacin da ilimin nazarin al'adun ɗan Adam ya fara tsayawa da ƙafafunsa, manyansa irin su Edward Tylor na Ingila, a littafinsa na 1871, da Lewis Henry Morgan na Amurka, a nasa na 1877, sun ɗauka cewa hanyar ci gaba ɗaya ce tak. Morgan ya kasa ta uku: zaman daji, zaman jahilci, sannan wayewa. Turawa ne a gaba, sauran al'ummu na biye. Wannan tunani ya yi wa mulkin mallaka daɗi, domin wanda ka ce yana baya, ka samu hujjar jan sa da ƙarfi. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, jami'an mulkin mallaka irin su Tremearne sun tattara tatsuniyoyi da bayanan bori masu amfani, amma da sunan camfi suka gabatar wa duniya da su a 1913.

Wanda ya karya wannan ra'ayi shi ne Franz Boas, haifaffen Jamus a 1858. A 1883 ya tafi tsibirin Baffin, can ƙuryar arewacin Kanada, ya shekara tare da mutanen Inuit cikin ƙanƙara. Nan ya ga cewa mutanen da ake kira na daji su ne masana, shi mai digiri shi ne ɗalibi. Da ya zama farfesa a Jami'ar Kolambiya ta Niyok a 1899, sai ya kafa koyarwarsa bisa abubuwa uku: launin fata daban, harshe daban, al'ada daban, babu wanda ke haifar da wani, kowace al'umma da tarihin da ya kawo ta inda take, kuma ba za ka fahimci al'ada ba sai ka auna ta da mudun masu ita. A 1906, bisa gayyatar masani baƙar fata W.E.B. Du Bois, ya tsaya gaban ɗalibai baƙar fata a Jami'ar Atlanta ya ba su labarin daulolin Afirka ta kudu da Sahara da gwanintar maƙeranta, abin da Du Bois ya ce ya girgiza shi.

Almajiransa suka yaɗa karatun: Margaret Mead da littafinta na 1928, Ruth Benedict da nata na 1934, da Melville Herskovits. Ɗalibin Herskovits, Joseph Greenberg, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939. A 1954 Mary Smith ta buga tarihin rayuwar Baba ta Karo, tsohuwa daga ƙasar Zazzau, da bakin ita mai labarin. Mai al'ada ya fara samun damar magana kafin a yanke masa hukunci.

Wannan tunani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun wajajen 1030 masani Musulmi Albiruni ya koyi harshen malaman Indiya kafin ya rubuta littafi a kansu, ya bayyana aƙidarsu yadda suke faɗinta, alhali bai yarda da ita ba. Mazhabar Malikiyya kuwa tana karɓar al'adar gari a sha'anin sadaki, ciyarwa da ciniki, muddin ba ta saɓa wa nassi ba.

Sai dai ra'ayin na da iyaka. A 1947 ƙungiyar masana al'adu ta Amurka, da alƙalamin Herskovits, ta gargaɗi Majalisar Ɗinkin Duniya kada ta ɗora wa duniya ma'aunin haƙƙin ɗan Adam na Turawa kaɗai. Nan da nan aka tambaye su: to, zaluncin da aka yi wa rigar al'ada fa? Tarihin Zamfara ma ya nuna wani giɓin. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar nan, yana sukar al'adun da ya ga sun saɓa wa addini. Bayan kusan ƙarni biyu ɗan Gummi, Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ya sake tayar da muhawara kan bidi'a da ta ratsa Arewa baki ɗaya. Ashe masu al'adar da kansu ba bakinsu ɗaya ba. In an ce a auna da mudun masu ita, na wa daga ciki? Na sarki ko na talaka, na maigida ko na matar da ke cikin kulle?

Abin da ya auku a 2010 ya raba gardamar. A watan Maris ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Gubar dalma ce daga duwatsun zinare, kuma ta hallaka yara fiye da 400. Mai kallo daga nesa zai ce jahilci ne kawai. Wanda ya shiga ƙauyukan zai ga dalili: zinare ya yi tsada, ya fi noma kawo kuɗi, mata a cikin gida suke sana'a, don haka aka kai musu dutsen suna dakawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, wasu kuma sun yi shiru da mace-macen don tsoron a hana haƙar. Da wannan sani aka yi aiki: aka bi ta hannun sarakuna da malamai, aka fitar da niƙan dutse bayan gari, aka kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, har aikin ya kai ƙauyen Bagega a 2013. Babu wanda ya ce a bar yara su mutu don girmama al'ada. Babu kuma gyaran da zai yiwu ba tare da sanin yadda gidan Bahaushe ke tafiya ba.

Hukuncin dai a nan shi ne: fahimta kafin gyara, amma gyara bayan fahimta. Kuma mu fara da kanmu. Mutumin Gummi da ke jin zafin a kira Zamfara ƙasar baya, ya tambayi kansa yadda yake kallon golmo na maƙwabtansa Dakarkarin Zuru, noman da saurayi ke yi wa surukai shekaru kafin a ba shi mata, alhali horo ne na juriya da riƙon amana. Manomi da makiyayi ma da wuya su daidaita matuƙar kowa bai san abin da gona ko saniya take nufi ga ɗan'uwansa ba, kuma wannan sani ba ya wanke mai kisa ko satar mutane.

Littafin Krieger da Jamusanci yake, harshen da kaɗan ne cikinmu ke karantawa. Kira ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da masarautun Anka, Gummi da Bukkuyum: a mayar da shi Hausa, a kuma tura 'ya'yanmu, maza da mata, su ɗauki bayanan dattawan da suka rage tun suna da rai.