Mai Babban Ɗaki: Tunawa Da Hajiya Maryam Ado Bayero

Daga Wakilinmu a Kano

Ran Asabar 24 ga watan Afrilu na shekarar 2021, ana cikin watan azumi, labari ya iso birnin Kano cewa Allah ya yi wa Hajiya Maryam Ado Bayero rasuwa a Alƙahira ta ƙasar Masar, inda aka kai ta neman magani. Aka kawo ta gida, aka yi mata salla a Ƙofar Kudu cikin taron sarakuna da malamai da talakawa, sa'an nan aka kai ta makwancinta a gidan sarki na Nasarawa, inda kabarin maigidanta yake.

Mutanen birni ba su cika ambaton sunanta na yanka ba. Abin da za ka ji a bakinsu shi ne Mai Babban Ɗaki, watau laƙabin da ake yi wa mahaifiyar Sarkin Kano. Laƙabin nan yana da dogon tarihi, kuma duk wanda ya bi sawunsa zai ga irin matsayin da Kanawa suka ba uwa a gidan sarauta da kuma gidan talaka.

'Yar sarki, matar sarki, uwar sarakuna

An haifi Hajiya Maryam a gidan sarautar Ilori, gidan zuriyar Shehu Alimi. Mahaifinta shi ne Sarkin Ilori Abdulƙadir ɗan Bawa, wanda ya yi kimanin shekara 40 a kan gado har ya rasu cikin 1959. Ɗan'uwanta Aliyu ɗan Abdulƙadir shi ma ya yi sarautar Ilori daga 1992 zuwa 1995. Aure ne ya kawo ta Kano, garin da harshensa da abincinsa da al'adunsa suka bambanta da na inda ta tashi, ta zauna a cikinsa shekara 60 da ɗoriya, har Kanawa suka riƙe ta tamkar haifaffiyar cikin ganuwa.

Sa'ad da ta shigo gidan Alhaji Ado Bayero bai zama sarki ba tukuna. Ya riƙe muƙamin Wakilin Doka, watau shugaban 'yan dokan En'e ta Kano, daga baya aka tura shi jakadanci ƙasar Senegal. Ta haifi ɗanta Aminu cikin 1961. A watan Oktoba na 1963, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Inuwa, aka naɗa Alhaji Ado Sarkin Kano, iyalinsa suka koma Gidan Rumfa. Shekarar da ta biyo, 1964, ta haifi Nasiru.

Maigidanta ya yi shekara 50 da 'yan watanni yana sarauta, kuma ba duka shekarun nan ne na kwanciyar hankali ba. Tana cikin gidan aka yi juyin mulki na 1966, aka ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Tana ciki aka yi rikicin Maitatsine a watan Disamba na 1980, da tarzomar ran 10 ga watan Yuli na 1981 wadda ta biyo bayan takardar tuhuma da gwamnatin jiha ta aika wa Sarki. Ran 19 ga watan Janairu na 2013 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin Sarki wuta a cikin gari, aka kashe direbansa da waɗansu dogarawa, 'ya'yansa biyu suka ji rauni. Ran 6 ga watan Yuni na 2014 Allah ya karɓi ran Sarki Ado. Littattafan tarihi sukan kawo abubuwan nan da sunayen maza, amma a kowannensu akwai matan da suka kwana ba barci a cikin gida, suna jiran a zo a gaya musu ko lafiya.

Cikin 2019 gwamnatin jiha ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, aka ba Alhaji Aminu sarautar Bichi. Ran 9 ga watan Maris na 2020 aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, aka naɗa Alhaji Aminu Sarkin Kano, ƙanensa Alhaji Nasiru kuma ya gaje shi a Bichi. Ta haka Hajiya Maryam ta zama Mai Babban Ɗaki, 'ya'yanta biyu suna sarauta a lokaci guda.

Asalin Babban Ɗaki

Wanda ke son sanin mafarin wannan laƙabi sai ya koma ga tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara shi da Turanci cikin 1908. Littafin ya jera sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello. Abin lura a cikinsa shi ne, kusan kowane sarki da ya ambata, kafin ya shiga labarin yaƙe-yaƙensa sai ya faɗi sunan uwarsa. Marubucin ya san cewa a gidan da 'ya'ya suke da yawa, ɗakin da mutum ya fito shi ke nuna waɗanda za su tsaya masa.

Mace ta farko a gidan sarautar Kano da littafin ya nuna ƙarfinta a fili ita ce Madaki Auwa, matar Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ɗanta Abdullahi ya gaji Rumfa. Da jikanta Muhammadu Kisoki ya hau cikin 1509, littafin ya nuna cewa tare da mahaifiyarsa Lamis da kakarsa Auwa da ɗan'uwanta Gulli ya riƙa tafiyar da gari. Daga baya wani ɗan nata, Abubakar Kado, shi ma ya yi sarauta.

Amma sunan Babban Ɗaki kansa, littafin ya jingina shi ga Shekara, mahaifiyar 'ya'yan Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Da ɗanta Usman ya gaji mahaifinsa, aikin da ya fara yi shi ne gina mata gida mai ƙaton ɗaki, daga nan aka riƙa kiranta da sunan ɗakin. A lissafin littafin, 'ya'yanta uku ne suka yi sarauta bi da bi: Usman daga 1846 zuwa 1855, sai Abdullahi Maje Karofi, sai Muhammadu Bello wanda ya rasu cikin 1893. Shekara 47 ke nan sarautar Kano tana hannun 'yan ɗaki ɗaya.

Abin da ya biyo baya ya isa ishara. Da Bello ya rasu aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yin mubaya'a, suka fice daga birni a ƙarƙashin Yusufu. Aka gwabza Yaƙin Basasa daga 1893 zuwa 1895, garuruwa suka baje, jama'a masu yawa suka halaka. Tukur da Yusufu da Alu, wanda ya ƙare da nasara, dukkansu jikokin Shekara ne. Zumuncin da ya riƙe 'yan ɗaki ɗaya bai kai ga 'ya'yansu ba.

Duk sarkin da ya hau gadon Dabo tun daga 1846 jinin Shekara ne. Sarki Ado ɗan Abdullahi Bayero ne, shi kuma ɗan Abbas, ɗan Abdullahi Maje Karofi, ɗan Shekara. A watan Mayu na 2024 Majalisar Dokokin Jihar Kano ta soke dokar masarautu ta 2019, gwamnati ta mayar da Muhammadu Sanusi na Biyu, magana ta tafi kotu. Hajiya Maryam ba ta ga wannan ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, Sanusi na Biyu da Alhaji Aminu duka sun haɗu a kan Abdullahi Bayero, kuma in aka ci gaba da hawa sama a kan mace guda za a tsaya.

Ranar da Sarki ke zuwa gaisuwa

Kowa ya san al'adar fada: hakimai da dagatai da attajirai su ke zuwa su faɗi gaban Sarki su yi gaisuwa. Washegarin salla kuwa, ranar Hawan Daushe, Sarki ne da kansa ke fita da yamma cikin ado, da hakimansa da 'yan lifida da 'yan bindiga da masu algaita da kakaki, ya ratsa unguwannin birni, ya sauka a Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa, kana ya wuce Ƙofar Kudu a yi masa jafi. Dubban mutanen da ke cika hanya suna kallon dawaki, darasi ake karanta musu ba da baki ba: mai garin nan duka yana da wadda yake durƙusa wa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya da ya kamata a kiyaye.

A nan ne labarin Hajiya Maryam yake da ban tausayi. Wata 13 da 'yan kwanaki ta yi tana Mai Babban Ɗaki. A cikin 2020 an dakatar da hawan salla, ƙarama da babba, saboda annobar korona, ita kuwa ta rasu saura makonni kaɗan a yi ƙaramar sallar 2021. Allah bai nufa ta ga ɗanta ya zo mata da Hawan Daushe ba. Ta Allah ba ta mutum ba.

Sunayen iyayen nan ba su ɓace daga birni ba. Asibitin yara na Hasiya Bayero, kusa da fada, yana ɗauke da sunan mahaifiyar Sarki Ado. Makarantar sakandaren 'yan mata ta Shekara ita ma tana nan cikin birni. Ɗalibai nawa ne suka gama makarantar nan suna sane da ko wace ce Shekara?

Babban ɗakin kowane gida

Kada mai karatu ya ɗauka zancen nan na gidan sarauta ne kaɗai. Shiga kowane tsohon gida a Yakasai ko Mandawari ko Dandago, ka wuce zaure da soro, za ka tarar da ɗaki guda wanda kowa ke fara zuwa gaisuwa da safe. Tsohuwar da ke cikinsa ita ce ke sanin wa ya haifi wa, da wanda ya sha nonon wa, don kada a ɗaura auren da bai halatta ba. Ita ke karɓar yaro in an yaye shi, ita ke riƙon maraya, ita ke tsayawa kan wankan jego da kunun kanwa. In kishiyoyi sun saɓa a kan girki, ko 'yan'uwa sun fara kallon juna a kan gado, ɗakinta ake zuwa tun magana ba ta kai ga mai unguwa ba, balle alƙali. Da yawa daga cikinsu da kuɗin ƙuli-ƙuli da saƙa da adashi suka yi wa 'ya'ya mata kayan ɗaki, suka sayi littattafan waɗanda yau suke manyan ma'aikata.

Zamani kuwa ya sauya. Ma'aikaci ya tashi daga gidan gado ya koma sabuwar unguwa bayan ganuwa, shi da matarsa da 'ya'yansa, sai ranar Juma'a ko ranar salla ake kai yara su gai da kaka. Ba laifi ba ne mutum ya gina nasa gida, amma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Duk tsohuwar da aka kai kushewa, takan tafi da asalin dangi da labarin unguwa waɗanda babu su a kowace takarda.

Wata Ba'amurkiya mai bincike, Heidi Nast, ta zauna da matan Gidan Rumfa tana tambayarsu, ta fitar da littafi cikin 2005 wanda ya nuna irin hannun da matan fada suke da shi a harkar hatsin masarauta da rini tun zamanin da. Abin da baƙuwa ta taso daga wata nahiya ta yi, ɗalibanmu na Jami'ar Bayero da sauran makarantu sun fi kowa damar yinsa, domin su kakanninsu ne, ba sa bukatar tafinta ko izinin shiga gida. Abin da ake bukata kawai shi ne littafin rubutu, da na'urar ɗaukar magana wadda yanzu take cikin wayar kowa, da haƙurin zama a tabarma. A tambayi Hajiya sunan uwarta da na kakarta, da garin da suka fito, da sana'ar da suka yi, da shekarar yunwa ko annoba da ta tuna. A rubuta, a adana, a ba ƙanne su karanta.

Marubucin tarihin Kano bai yarda ya ambaci sarki ya bar sunan uwarsa ba, shi ya sa yau muka san Auwa da Lamis da Shekara. Mu ma akwai wannan hakki a wuyanmu game da namu iyaye.

Allah ya ji ƙan Hajiya Maryam, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta. Waɗanda nasu iyaye suke raye kuma, Allah ya ba su ikon kyautata musu tun da sauran lokaci, amin.