Babi na Tara: Gyaran Tsohon Daɓe Kafin Shimfiɗa Tayil ɗin Roba

Tayil ɗin roba, irin falle-fallen nan masu kusurwa huɗu da ake mannawa a ƙasa da gam a asibitoci da ofisoshi da shaguna, yanzu har da ɗakunan kwana, kaurinsa bai cika wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Abin da ke da wannan sirantaka ba shi da ƙarfin kansa, na daɓen da ke ƙarƙashinsa yake ara. In daɓen lafiyayye ne, tayil ya yi shekaru ana takawa. In kuwa ruɓaɓɓe ne, ko daga wace ƙasa aka yo odar tayil ɗin, asarar kuɗi kawai za a yi.

Duk da haka kullum sai ka ji mai gida ya dubi daɓe duk ramuka ya ce wa mai aiki, "Manna kawai, ai tayil zai rufe." Ba zai rufe ba. Tayil na tangaran ne ke rufe aibu, domin shi a kan kwaɓin siminti mai kauri ake ɗora shi. Na roba kuwa kamar jiƙaƙƙiyar riga yake a jikin mutum, duk inda ƙashi ya turo sai ya nuna. Tsakuwa ɗaya da aka bari, bayan 'yan watanni za ta fito ƙulu a saman tayil. Tsagar da ba a cike ba za ta zana kanta a sama. Ramin da aka tsallake, nan ƙafar kujera za ta fara huda shi.

Ramuka da tsaga dai ido na ganinsu, kowane birkila kuma ya san maganinsu. Abin da ya fi kashe tayil ɗin roba ido ba ya ganinsa, shi ne danshi.

Mutane na ɗaukar siminti tamkar dutsen da ruwa ba ya ratsawa. Ko kusa. Kankare cike yake da ƙananan kafofi, laimar ƙasa kuma tana bi ta cikinsu tana hawowa dare da rana. Muddin daɓe a buɗe yake, da zarar laimar ta iso sama iska ta kwashe ta, kai kuma ka shafa ka ji a bushe. Ranar da aka lulluɓe shi da roba, hanyar fita ta toshe. Laimar ba ta fasa zuwa ba, sai ta taru a daidai inda gam yake. Ba kuma ita kaɗai take zuwa ba. Siminti abu ne mai kaifi irin na kanwa, ruwan kan narko wannan kaifi ya taho da shi, shi ne farin garin nan mai kama da gishiri da ake gani a gindin bango. Yawancin gam ɗin tayil da ruwa ake haɗa shi, in ya haɗu da wannan kaifi sai ya saki, ya koma yauƙi. Daga nan bakin tayil ya fara ɗagowa, baƙin ruwa ya riƙa tsattsafowa ta tsakanin layuka, ɗaki ya ɗauki warin funfuna.

Duk matar da ta taɓa ɗage ledar ɗakinta da damina ta san wannan tun kafin masana su rubuta shi. Inda leda ta rufe sai ta tarar ya yi duhu ya jiƙe, bakin ƙofa kuwa da ba a rufe ba yana nan fes. Ba wanda ya zubar da ruwa. Daga ƙasa ya fito.

Na san wani mai shagon magani da ya kama tsohon shago a unguwar da asalinta kududdufi ne aka cike. Cikin hunturu ya sa aka gyara masa, lokacin da ko wanki ka shanya kafin ka juya ya bushe. Aka manna tayil fari tas, 'yan unguwa na leƙowa suna sa albarka. Ruwa ya sauka, Yuni ya wuce lafiya, Yuli ya wuce da ɗan ƙorafi, cikin Agusta sai ga tayil na bin takalmin masu sayen magani. Ya fara da mai aikin, ya ce ya yi masa ƙwauron gam. Mai aiki ya rantse, ya tura laifin ga mai sayar da gam, wai jabu ya ba su. Mai gam ya ce a tambayi mai tayil. Aka ɓamɓare, aka sayo gam mai tsada, aka lafta ninki biyu, aka sake mannawa. Damina ta zagayo, tayil ya sake tashi. Duk tsawon wannan shari'a ba wanda ya zagaya bayan shagon ya ga indararon maƙwabci na zuba a gindin bango, ba kuma wanda ya tambaya ko an shimfiɗa leda a ƙarƙashin kankaren lokacin gini. Ba a shimfiɗa ba. Ƙarin gam kan jiƙaƙƙen daɓe gyaran gangar auzinawa ne.

Abin haushin shi ne gwajin da zai hana duk wannan bai kai kuɗin tayil guda ba. A yanko leda mai kauri wadda ake ganin ciki, kimanin santimita 45 kowane gefe, a shimfiɗa a kan daɓe, a liƙe gefunan huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ta ce a bar ta aƙalla awa 16. Ni dai na fi son kwana 2 ko 3. A yi haka a wurare da dama, musamman kusurwoyi, da jikin bangon banɗaki, da bangon da ke kallon kwata. In an ɗaga aka ga raɓa a cikin ledar, ko simintin ya yi duhu, magana ta ƙare, kada a manna komai. In an ga a bushe, to a yi hattara, domin wannan gwaji ya iya kama mai laifi amma bai iya wanke wanda ake zargi ba. Gwajin watan Fabrairu shaidar watan Fabrairu kawai yake bayarwa. Wanda ke son gaskiyar daɓensa ya gwada shi da tsakiyar damina. Manyan 'yan kwangila na da na'urar auna laima, a Ingila kuma ba a yarda a shimfiɗa roba ba sai awon ya sauko zuwa kashi 75 cikin 100 ko ƙasa da haka.

In an sami danshi, a fara neman mafarinsa. Bututun ruwa ne ya fashe? Kwata ce ke kwance a jikin gini? Ko kuwa titi ne ya yi ta tashi shekara da shekaru har ɗaki ya koma rami, kamar yadda ake gani a tsofaffin unguwanni? Abin da ke toshuwa a toshe shi. In laimar daga ƙasa take kai tsaye, akwai wani shafi mai kauri da ake haɗa ruwa biyu a kwaɓa, a shafe daɓen da shi ya zama katanga. In ta yi yawa, sai dai a fasa daɓen, a shimfiɗa leda mai kauri, a sake zuba kankare. Wanda ba shi da halin ko ɗaya ya haƙura da roba ya sa na tangaran, ba abin kunya ba ne.

Akwai wata magana da magina ke yawan yi, wai siminti kwana 28 yake bushewa. Kwana 28 lokacin da kankare ke ɗauka ne ya kai ƙarfin da aka auna masa. Ƙarfi daban, bushewa daban. Lissafin da masu shimfiɗa ke bi shi ne kwana guda ga kowace milimita guda, wato sabon daɓe mai kaurin inci 2 yana neman kusan wata 2, mai kauri fiye da haka kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Masu kunna gawayi a ɗaki ko su saka fanka don a yi sauri, fatar sama kawai suke busarwa, cikin na nan jiƙe, wani lokaci ma su jawo tsagewa.

Iyayenmu mata da ke daɓe da hannu ba su da wannan matsala. Su zuba tsakuwa, su yayyafa ruwa, su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa, a ƙarshe a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa. Wannan daɓe yana numfashi, tabarma ko buzun da ke kansa kuma kullum ana ɗagawa a shanya. Shimfiɗar da ke toshe numfashin ƙasa baƙuwa ce. A Ingila wani mai suna Frederick Walton ya ƙirƙiro kakarta wajen 1860, daga man 'ya'yan wata shuka da garin ɓawon itace. Robar da ake tayil ɗin yau da ita kuwa sai a 1926 Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich a Amurka ya gano yadda za a tausasa ta, aka kuma nuna tayil ɗinta a bajekolin Chicago na 1933. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne ya bazu.

Wannan tarihi na da amfani ta fuska ɗaya. Tayil da yawa da aka yi kafin shekarun 1980 an haɗa su da asbesto, haka ma baƙin gam mai kama da kwalta da ake manna su da shi. Galibi ƙanana ne, inci 9 kowane gefe, ana kuma iya cin karo da su a tsofaffin gine-ginen gwamnati. Ƙurar asbesto na jawo ciwon huhu da daji bayan shekaru masu yawa, shi ya sa Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Kada a goge irin wannan tayil da inji, kada a farfasa shi a bushe a bi da tsintsiya. In yana manne daram, a shafe samansa a ɗora sabo a kai.

Sauran aikin sananne ne. A bi daɓen da guduma ana ƙwanƙwasawa; inda ya yi amon holoƙo ya rabu da na ƙasa, a fasa shi har a kai ga mai ƙarfi. Ramin gara ko na ɓera a kashe mai shi kafin a cike. Tsaga a buɗe bakinta da cizil, a share, a jiƙa, a cike da kwaɓin siminti 1 yashi 3, a riƙa ba shi ruwa mako guda. Tsagar da ke ƙara faɗi kowace shekara maganar harsashin gini ce, a kira injiniya. Tsohon gam, in ba baƙin nan mai asbesto ba ne, da fenti da jan man goge daɓe a kankare su. Inda manja ko baƙin man janareta ya sha, a sassaƙe wurin, domin gam ba ya kama maiƙo. A ɗiga ruwa a gani, in ya tsaya ƙwal bai shige ba, akwai sauran aiki. Sai a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2 a wurare daban-daban, duk inda ratar ƙarƙashinsa ta wuce milimita 3 a gyara. Akwai garin siminti na musamman da ake damawa ruwa-ruwa a kwarara, ya baje da kansa ya yi lebur. A bi abin da aka rubuta a buhunsa, a kuma fara shafa ruwan share fagen da ake sayarwa tare da shi. Daɓen katako kuwa a ƙara masa ƙusa, a rufe shi da filawud mai milimita 6. A share ƙura sarai, a ajiye kwalayen tayil a ɗakin awa 48 su saba da zafinsa.

Mai karatu zai lura manna tayil ɗin kansa bai sami ko sakin layi guda a nan ba. Aikin yini ɗaya ne, duk mai hannu zai iya. Gyaran daɓe shi ke cin makonni, shi ne kuma wanda mai gida ya fi ƙyashin biya domin ba a ganinsa in an gama. Idan mai aiki ya zo maka da bokitin gam a ranar farko, bai tambayi shekarun ginin ba, bai zagaya bayan bango ba, bai liƙa leda a ƙasa ba, ka ba shi kuɗin mota ka nemi wani.