Lissafin Aiki da Lokaci ga Ɗaliban Bakin Ruwa

Shirin yau naku ne, ɗalibanmu na Warra, Ngaski, Yauri da Shanga masu shirin zana JAMB.

Tun 2015 a kan kwamfuta ake wannan jarrabawa. Tambaya 180 cikin awa biyu, wato kowace tambaya sakan 40 ne rabonta. Abin da ke damuna shi ne, tambayar aiki da lokaci tana cinye wa yaranmu minti uku ko huɗu, alhali kullum ana irin wannan lissafi a bakin tafkin Kainji.

Ga masunta biyu da komarsu ta yage. Ɗaya zai gyara ta a kwana 6, ɗayan a kwana 3. Idan sun haɗa hannu fa? Da yawa sai su tara 6 da 3 su raba biyu, su ce kwana huɗu da rabi. Haba ɗana! Wanda shi kaɗai kwana 3 ya ishe shi, ya samu mataimaki, sai aikin ya ƙara daɗewa? To tun kafin ka taɓa biro, duk amsar da ta kai 3 ko ta wuce, ka watsar da ita. Sau da yawa a nan biyu daga cikin amsoshi huɗu ke faɗuwa.

Sannan ka ce 6 sau 3, 18. Ka haɗa 6 da 3, 9. Ka raba 18 gida 9: kwana 2. Dalili kuwa, ɗauka komar kashi 18 ce. Mai kwana 6 yana cin kashi 3 a wuni, mai kwana 3 yana cin 6, tare suna cin 9. Ka riƙe dalilin nan, don ranar da aka kawo mutum uku shi zai fisshe ka.

Lissafin 'yan ƙwadago ya fi sauƙi. Mutum 8 sun yanke shinkafa a kwana 15, aikin yinin mutum 120 ke nan. In su 12 ne, kwana 10.

Ga naku, ku duba agogo. Injin ban-ruwa ɗaya yana shayar da gonar albasa a awa 4, wani a awa 12. An tada su tare, a awa nawa za su gama? Sakan 40, bismillah.