Tafkin Da Ke Kan Dutse: Darasi Daga Jihar Oregon

A darasin labarin ƙasa mukan koya wa ɗalibanmu cewa ruwa yakan gangara ya taru a kwari. To, ga wani tafki da yake zaune can bisa dutse, tsayin mita 1,883 daga saman teku. Turawa suna kiransa Crater Lake, wato tafkin da ke bakin dutse mai aman wuta. Yana cikin jihar Oregon a yammacin Amurka, kuma babu tafkin da ya kai shi zurfi a duk ƙasar, gama zurfinsa ya kai mita 594.

Yaya aka yi ruwa ya hau can? Kimanin shekara 7,700 da suka wuce, akwai wani babban dutse a wurin, wanda ake kira Mazama. Dutsen ya yi aman wuta mai tsanani, ya zubar da abin da ke cikinsa har cikin ya zama fanko. Da ƙoƙon kansa ya rasa abin da zai tokare shi, sai ya rufta ciki, ya bar wawakeken rami mai faɗin wajen kilomita 8 zuwa 10. Ruwan sama da narkakkiyar dusar ƙanƙara suka yi ta taruwa a ramin shekaru ɗaruruwa, har ya zama tafki. Mutanen Klamath, waɗanda kakanninsu suke zaune a yankin tun kafin wannan abu ya faru, suna da labarin gargajiya a kan faɗuwar dutsen, kuma suna girmama wurin ƙwarai.

Abin lura shi ne, babu kogin da yake shiga tafkin, babu kuma wanda yake fita. Abin da sama ta zuba, shi ne yake maye gurbin wanda rana ta ƙafar da wanda ƙasa ta tsotse. Tun da babu kogi, babu laka ko shara da za ta gangaro ciki. Shi ya sa ruwan yake garau. Masana sukan ɗaura wani faifai a igiya su sauke shi cikin ruwa don su ga inda zai ɓace wa ido, kuma a 1997 sun hango shi har zurfin mita 43. Wannan tsabta da zurfi su ne suke ba tafkin launinsa. Hasken rana yana ɗauke da launuka dabam dabam. Ruwa yakan shanye ja da rawaya tun daga sama sama, amma shuɗi yakan nutsa ƙasa, ya warwatsu, ya komo wa idon mai kallo.

Mai ziyara yana da abin yi da yawa. Akwai hanyar mota mai tsawon kilomita 53 da ta kewaye bakin ramin, da wuraren tsayawa a yi kallo. Daga nan ana ganin tsibirin Wizard, wanda shi kansa ƙaramin dutse ne mai aman wuta da ya tsiro bayan rugujewar babban. Akwai kuma wani gungumen itace mai tsawon wajen mita 9 da ake wa laƙabi da Tsohon Tafki, gama yana yawo a tsaye cikin ruwan tun aƙalla 1896. Masu ƙarfin ƙafa sukan bi hanyoyin daji, wasu su kwana a tanti. Sai dai a san lokacin zuwa. Dusar ƙanƙarar da take sauka a shekara takan wuce mita 10, saboda haka yawanci daga Yuli zuwa Oktoba ne kawai ake buɗe hanyar duka. Hanya ɗaya tak aka yarda a bi a sauka bakin ruwa, ita ce ta Cleetwood, mai gangaren fiye da mita 200. An tsara rufe ta na 'yan shekaru daga 2026 domin gyara, don haka mai niyya ya fara tambaya.

Kāre wannan wuri bai zo da sauƙi ba. Wani mutum mai suna William Steel ya ga tafkin a 1885, ya yi shekara 17 yana roƙon gwamnati, har Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta mai da shi gandun ƙasa a ranar 22 ga Mayu, 1902. Amma a nan ne babban darasin yake. Asali babu kifi a tafkin. Steel ɗin nan da kansa ya fara zuba kifi a 1888 don masu ziyara su sami abin kamawa, aka ci gaba da haka har 1941. A 1915 kuma aka kawo wata halitta mai kama da jatan lande domin ta zama abincin kifin. Yau ta mamaye mafi yawan gaɓar tafkin, tana korar wata 'yar halitta dangin kwaɗo mai siffar ƙadangare, wadda irinta ba a samunta ko'ina sai a nan. Waɗanda suka yi wannan ba mugaye ba ne, gyara suka nufa, amma garin neman gira aka kusa rasa ido.

Wannan ne dalilin dokokin wurin. Ba a yarda kowa ya kawo kwalekwalensa ba, kada ya shigo da baƙin ƙwari ko ciyayi a jikinsa. An yarda a kama kifi, amma ba da tsutsa ko wani abu mai rai a ƙugiya ba. Ba a ɗebe dutse ko fure, ba a ciyar da namun daji, kuma ba a barin hanya a matsa bakin ramin, domin ƙasar tana zamewa, mutane sun rasa rayukansu ta haka.

Yawancinmu ba za mu taka Oregon ba, amma kowace shekara mukan fita yawon buɗe ido zuwa duwatsu da maɓuɓɓugan ƙasarmu. Idan mun je, kada mu kai wa wurin abin da ba nasa ba, kada kuma mu raba shi da nasa. Leda ko kwalbar da muka shiga da ita, mu fito da ita a jakarmu, domin ƙannenmu da ke aji ɗaya su ma su tarar da wurin yadda muka same shi.