Tony Rinaudo: ɗan mishan ɗin da ya gano ma'anar rayuwarsa a kututturan gonakin Maraɗi

Wata rana a shekara ta 1983, wata mota ɗauke da dashen itatuwa ta tsaya a kan wata hanyar karkara a jahar Maraɗi. Direban ya sauko domin ya rage iskar tayoyi, kamar yadda duk mai bin hanyar rairayi ke yi don kada mota ta kafe. Ya duba gabas, ya duba yamma, kudu da arewa: fili ne fetal, sai iska da ƙura. Matashi ne da bai kai shekara 30 ba, ya baro ƙasarsa Ostareliya da iyalinsa saboda ya yi imani cewa Allah ne ya kira shi zuwa wannan aiki. Ga shi an shiga shekara ta uku, mafi yawan itatuwan da ya dasa sun mutu.

Sunansa Tony Rinaudo. Ya sha ba da labarin wannan rana a hirarraki da kuma cikin littafinsa. Ya ce a lokacin ji yake kamar ya ɓata ƙuruciyarsa a banza, har yana tunanin tattara kayansa ya koma gida. A tsaye a nan ya yi addu'a: ya roƙi Allah gafara a kan yadda 'yan Adam suka lalata kyautar da ya yi musu, ya kuma roƙi a buɗe masa ido ya ga abin da ya kamata ya yi.

Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda ya wuce sau ɗaruruwa bai kula ba. Da ya matsa ya duba ganyen, ya gane ba ciyawa ba ce, ba kuma ƙaramin tsiron banza ba ne. Itace ne da aka sare, kututturensa na nan da rai, yana ta toho. Kuma irinsa na nan birjik a gonaki.

Addu'ar yaro

An haifi Rinaudo a 1957, ya tashi a Myrtleford, wani ƙaramin garin manoma a jahar Victoria ta Ostareliya, cikin dangin da asalinsu 'yan ci-rani ne daga Italiya. Tun yana yaro abubuwa biyu suka tsaya masa a rai. Na farko, yadda ake tura manyan motoci su share dajin tsaunukan garinsu, da yadda maganin feshin gonakin taba ke gangarawa rafi yana kashe kifi. Na biyu, hotunan yara masu fama da yunwa a wasu ƙasashe da yake gani a talabijin. Ya kasa gane yadda wasu ke noman taba alhali wasu na kwana da yunwa.

Ba shi da ƙarfin canza komai, sai ya yi abin da aka koya masa a gida: addu'a. Ya roƙi Allah ya yi amfani da shi, ta kowace hanya, a ko'ina ne, domin ya amfani mutane. Daga baya ya ci karo da littattafan Richard St. Barbe Baker, wani Baturen Ingila masanin gandun daji da ya ƙarar da rayuwarsa wajen kiran mutane su shuka itace. Ya karanci ilimin noma a jami'a, ya auri Liz, wadda ita ma take da irin wannan buri. A 1981 suka iso Nijar a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM.

SIM ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun cikin shekarun 1920 ta sauka Damagaram. Ita ta buɗe asibitin Galmi a jahar Tahoua a 1950, da kuma asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi. Kiristoci ba su kai kashi 2 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, amma da wuya a samu gidan da bai san wanda ya taɓa zuwa Galmi neman magani ba.

A wajen Kiristoci akwai abin da suke ce wa "kira". Ma'anarsa ita ce rayuwar mutum ba haɗari ba ce, Allah ya ba kowa baiwa, kuma yana da aikin da yake so a yi da ita. Ba sai fasto kaɗai ake kira ba: malamin lakkwal, ungozoma, makaniki da manomi duk suna iya ɗaukar sana'arsu a matsayin bauta, idan an yi ta don ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, kamar yadda Yesu Almasihu ya koyar. Littafin Farawa kuma ya nuna cewa aikin farko da aka ɗora wa ɗan Adam shi ne kula da gonar da aka sa shi a ciki. Da wannan fahimta Rinaudo ya zo.

Kira ba ya hana faɗuwa

Sai dai imani bai sa dashe ya kama ba. Nijar ta fito daga farin shekarun 1970, an share gonaki don noman gujiya da hatsi, kuma an daɗe ana koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal, babu ko kututture. Maganin da masana suka sani ɗaya ne: a raini itatuwa a leda, yawanci irin na waje kamar turare da dogon yaro, a kai ƙauyuka a dasa. Rana ta ƙone wasu, awaki su ci wasu, gara ta gama da saura.

Su ma manoma ba su ga dalilin wahala ba. A dokar wancan lokaci itace na gwamnati ne. Wanda ya sare reshe a gonarsa yana iya haɗuwa da tarar jami'an gandun daji. Wa zai raini abin da ba nasa ba, wanda kuma zai iya jawo masa magana?

Abin da Rinaudo ya gane a gefen hanyar nan shi ne, dajin da ake cewa ya ƙare bai ƙare ba, yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwoyin kalgo, sabara, magarya, aduwa da gawo suna nan da ransu, wasu sun yi shekaru da dama suna nutsawa neman ruwa. Kowace shekara suna fitar da toho, kowace shekara kuma manomi ya sassabe su ya ƙone kafin shuka. Ba a bukatar leda, ba a bukatar ban-ruwa, ba a bukatar kuɗin kowa. Manomi ya zaɓi kututturen da yake so, ya bar rassa mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya cire sauran da adda ko gatari mai kaifi, ya aske ƙananan rassan ƙasa, sa'an nan ya kare su. Tun da saiwa ta riga ta kafu, girman na sauri ne. Wannan shi ne abin da manoma ke kira sassaben zamani, masu Faransanci kuma RNA.

Sun ce mahaukaci ne

Da farko manoma kamar goma ne kawai suka yarda su gwada a wani ɓangare na gonakinsu. An yi musu dariya, shi kuma aka riƙa ce masa mahaukacin Bature. Wasu ma da dare ake zuwa a sare itatuwan da suka raina.

Sai ga farin 1984, da yunwar da mutanen yankin suka laƙaba wa suna El Buhari, saboda ta zo daidai lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta. Rumbuna suka wofinta, maza suka watse neman abinci. A wannan shekara ce gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Rinaudo da abokan aikinsa sun shiga rabon cimaka a ƙauyuka kusan 100, suka kuma sa sharaɗi: mai karɓar abinci ya bar itatuwa su tashi a gonarsa. An raini kusan itatuwa 500,000 ta wannan hanya.

Da yunwa ta wuce aka daina rabo, mafi yawan manoman suka sare itatuwan. Wannan ma wata faɗuwar ce, kuma ta koya masa darasi: abin da aka yi don buhun hatsi, da buhun yake tafiya. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci. Iskar farkon damina da ke binne shuka da rairayi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku, ta ragu. Ganye ya zuba ya zama taki. Dabbobi sun samu inuwa da 'ya'yan itace, suka bar kashinsu a gona. Mata sun samu itacen girki kusa da gida. Da aka fara fahimtar juna da jami'an gandun daji cewa wanda ya raini itace yana da ikon amfani da shi, sai rassan da aka aske suka zama kuɗi a kasuwa. Gani ya kori ji. Maƙwabci ya koya daga maƙwabci, ƙauye daga ƙauye.

Rinaudo ya bar Nijar a 1999 ba tare da ya san iyakar inda abin ya kai ba. Sai cikin shekarun 2000, lokacin da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi na tauraron ɗan Adam, aka ga girmansa: kimanin hekta miliyan 5 na gonaki sun sake samun itatuwa, wajen miliyan 200, musamman a jahohin Maraɗi da Damagaram. An ƙiyasta cewa hakan na ƙara kusan tan 500,000 na cimaka a kowace shekara.

Aikin na manoma ne

Ba daidai ba ne a ce mutum ɗaya ya yi wannan. Rainon itace a gona tsohuwar hikima ce a ƙasar Hausa. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin da Sarki Tanimun ya yi a kan masu sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana. Masu bincike sun tarar cewa a yankunan Magarya, Matamai da Mirriya manoma da kansu suka maido da gawo a gonakinsu. Shi ma Rinaudo ba ya cewa shi ya ƙirƙiro dabarar, kuma yana yawan nanata cewa ba da itace ya yi fama ba, da tunanin mutane ne, har da nasa.

Kusan dukan manoman da ya yi aiki da su Musulmi ne, kuma Musulmi suka ci gaba da zama. Shi yana ganin aikin a matsayin amsa kiran Allah, su kuma suna da nasu karatun a kan amanar ƙasa da ladan wanda ya raya itace. A gona suka haɗu. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina.

Bayan barinsa Nijar, Rinaudo ya shiga ƙungiyar World Vision, inda ya kai dabarar Habasha da wasu ƙasashe sama da 20. A 2018 ya samu kyautar Right Livelihood ta ƙasar Suwidin, wadda ake ce wa madadin Nobel, a shekara ɗaya da marigayi Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar haƙa ramukan zai. Nijar ta ba shi lambar yabo ta aikin noma. A 2022 littafinsa mai suna The Forest Underground ya fito, kuma shahararren mai shirya fim na Jamus, Volker Schlöndorff, ya yi fim a kansa.

Tambayar da ba ta tsufa

Matashin da ya gama jami'a yana zaman fada a Yamai ba aiki, da wanda ke aikin gini a Aljeriya ko Libiya, da mai talla a Abidjan ko Legas, duk sun san tambayar da Rinaudo ya yi wa kansa a kan hanyar nan: me na zo yi, kuma wahalar nan tana da amfani? Shi ma baƙo ne a ƙasar da ba tasa ba, da harshen da sai da ya koya, da aikin da ya ƙi ci.

Labarinsa bai nuna cewa bangaskiya gajeriyar hanya ce ba. Tsakanin addu'ar da ya yi yana yaro da ranar da ya ga kututturen akwai shekaru fiye da goma. Tsakanin wannan rana da lokacin da ya ji sakamakon akwai wasu 20, cike da dariyar mutane, yunwa da itatuwan da aka sare. Abin da bangaskiyarsa ta ba shi, kamar yadda yake bayyanawa, shi ne dalilin tsayawa a lokacin da lissafi ke cewa ya tafi, da kuma tawali'un yarda cewa amsar ba cikin motarsa take ba. Ya zo da dashe daga nesa, ashe abin da ake nema yana ƙarƙashin ƙafar masu gonar.

Yau mai bin hanyar Maraɗi zuwa Tasawa da rani zai ga gonaki da itatuwa tsaye jefi-jefi, awaki na kwance a inuwarsu, ɗaurin itace jingine a bakin hanya ana jiran mai saye. Yawancin yaran da ke kiwo a wurin ba su taɓa jin sunan Tony Rinaudo ba. A saninsu, haka gona take.